Kwaɗon da Ke Bisa Dutsen Kagoro

Sai da muka wuce gonar citta ta ƙarshe
Baba Didam ya ce in kashe tocila.
Wai shi wannan da kunne ake fara ganinsa.
Muka tsaya, sauro na cin rabonsa,
can sai ƙyas, ƙyas,
kamar mai gwada ashanar da ta sha damina.

Da na kama shi bai kai babban yatsana ba.
Bayansa kalar ganyen da ya kwana uku a ruwa,
maƙogwaronsa na bugawa a tafina.

A Zariya an koya mini tsanin gidansu:
dabba ne, mai ƙashin baya,
cikin masu raba kwana tsakanin ruwa da tudu,
ɓangaren da suka yar da wutsiya tun suna talibambam.
Daga nan tsanin ya fara lilo.
Wane dangi? Wace zuriya?
Takardata na neman suna biyu na Latin,
na gida a gaba, na yanka a baya.

Na yi dariya ni kaɗai.
Mu da muka ba shi suna ɗaya tal,
muka sa ya raba da abin kulle ƙofa,
har da zogalen da inna ke murza wa ƙuli.

Layi na gaba ya ce: ina iyakar ƙasarsa?
Na buɗe taswira, Baba Didam ya ture ta da sanda.
Daga ɓauren da ruwa ke tsattsafowa, in ji shi,
zuwa falalen da mata ke shanya acca.
Da yana yaro har bayan coci suke sauka,
su hana mai wa'azi jin kansa.
Da rafin ya janye suka bi shi sama.
Bana sun ƙara hawa.

Na ɗaga kai. Abin da ya rage na dutsen
bai fi tafiyar rabin sa'a ba,
daga nan sai taurari.

Kwalbar na jakata, ruwan adana gawa a cikinta.
Na auna ƙafarsa, na ƙirga yatsunsa,
na ɗauke shi hoto ciki da baya.
Gurbin suna na bar shi fari.

Baba Didam ya kira shi da Gworok, a hankali,
sau biyu na maimaita ban iya ba.
Na buɗe hannu.
Bai yi sauri ba, sai da ya gama kallona.