Takalmi Ɗaya a Madatsar Sinnar

Jarrabawa ta ƙare ran Alhamis.
Ran Asabar lorin Ammu Jibir ya tsaya a ƙofar makaranta,
jiya ya sauke albasa, warin bai sauka ba.
Mu talatin da ɗaya, 'yan Mai Wurno,
Ustaz Dafallahi na ƙirga kawunanmu da alli a hannu
kamar har yanzu akwai allo a gabansa.

Takalmin yayana ne a ƙafata,
baƙi, mai igiya, ya fi ni da yatsa biyu,
na cusa masa takardar lissafi a hanci.
Ya ce, "Ka dawo min da shi yadda ya tafi."
Na ce, "Ko ƙura ba za ta gan shi ba."

Hanya ta sheƙe mu kamar gero a faifai.
Mahasin ta matse kwandon kisira da gwiwoyi,
Ɗayyibu ya yi amai a kan kankanar ustaz.
Muka ba shi haƙuri da Larabci,
muka yi tsiyarmu da Hausa
don kada ustaz ya gane.

Sai ga madatsa.
Ban san ana iya ce wa kogi "dakata" ba.
Ruwan da ke lasar ƙafarmu a gida kamar ɗan akuya,
ga shi nan yana ruri ta ƙofofin dutse,
fari fat, ya haɗiye muryar kowa.
Na hau katanga, na saki ƙafafu ina lilo,
na hagu ya zame.
Ko ƙara bai yi ba.
Na ga takardar lissafina ta ɗago sau ɗaya, ta nutse.

Mu'awiya ya leƙa, ya ce,
"Gobe yana Madani, jibi Hartum.
Ya riga mu shiga sakandare."

Mai hoto ya jera mu a rana.
Na koma layin baya,
ƙafa ɗaya bisa ɗaya kamar zalɓe.
Duk wanda ya ga hoton yakan ce na yi tsayi.

Ran Litinin aka kafa rumfa.
Kujerun aro, soɓorodo cikin ganga da ƙanƙara,
iyayenmu mata sun ajiye guɗa a bakin harshe.
Yayana ya karɓe na dama, ya ƙi ba ni silifa.
Na zauna can ƙarshe, ina binne yatsu a yashi.
Aka kira na ɗaya. Aka kira ta biyu.
Aka kira ni.

Ban tashi ba.

Wani abu ya taɓa diddigena:
takalmin fata, ja, da ɗumin ƙafar mai shi.
Ustaz Dafallahi bai ko dube ni ba.
Ya ce, da Hausa ras kamar ta kakata,
"Sa ka je. Shekara takwas ina jin ku."

Na ja su faƙat-faƙat har gaban tebur,
shi kuma tsaye a safa mai huji
yana tafi.

Da dare kakata ta juya takardar shaidata sama ƙasa,
ta ce, "Mu daga yamma a ƙafa muka zo,
ba wanda ya yar da komai sai waɗanda muka binne.
Kai tafiyar hantsi ka yi, ka ciyar da kogi."
Ta yi dariya har tari ya kama ta.

Yau Mahasin na Jidda, Mu'awiya na Gadarif,
Ɗayyibu ba wanda ya san inda yake.
Hoton ma ya bi wani kaya da bai iso ba.
Yayana kaɗai bai sake ba:
na dama na nan a ƙasan akwatinsa,
yakan goge shi duk Sallah,
wai ko ruwa zai yi kunya.