Takarda ta Goma Sha Biyu

Jiya muka kai ka Ɗanmarna, Malam Sallau.
Yau na buɗe shagon Rafindaɗi.
Gilashin tagar nan yana nan
bisa akwatin sabulu, da ƙwan lantarki a ciki,
abin da kake kira teburin haske.
Babu wuta. Ko da akwai, ba zan kunna ba.

Ina ɗan shekara tara ka miƙo mini reza,
ka ce in feƙe fensir, in kama bakina.
Shekara biyu ina feƙewa
kafin ka bar ni in ja wutsiyar akuya,
ita ma ka goge.

Zane goma sha biyu, ka ce,
shi ne taku ɗaya na jaki.
Mai gaggawa ya tafi tasha.

Ka taɓa ɓata wuni guda a gindin Gobarau
kana kallon ƙadangare yana gyaɗa kai.
Masu wucewa suka ce Malam ya taɓu.
Da azumi ƙadangaren ya fito a talbijin,
daga Ƙofar Sauri har Ƙofar Ƙaura
yara suka kama gyaɗa kai irin nasa
in an tambaye su wa ya sha kunun.
Sunanka kuwa can ƙarshe yake wucewa,
ƙanana, da gudu,
sa'ad da kowa ya tashi ɗauko tuwo.

Wani maƙwabci ya tare ka bayan la'asar:
wai kai ne mai hura wa zane rai?
Ka ce, rai na Mai rai ne,
ni ido kawai nake yi wa wayo.

Da samari suka zo da kwamfuta,
suka gama a awa guda abin da ke cin watanka,
ba ka ɓata rai ba.
Ka gyara tabarau, ka daɗe kana kallo,
ka ce, ya yi kyau,
sai dai jakin nan bai san an yi masa lodi ba.

A ƙarƙashin tabarmarka na sami aikin ƙarshe:
tsohuwa mai fura za ta sauke ƙwarya daga ka.
Takarda goma sha ɗaya, layin yana rawa
kamar yadda hannunka ya koma tun bara.
Ta goma sha biyun fara ce fat,
lamba kawai ka sa a kusurwa.

Na kaɗa su da babban yatsa, yadda ka koya mini.
Ta ɗaga hannu, ta kama ƙwarya, ta rusuna,
sai fari.
Na sake. Sai fari.

Na feƙe fensir har biyu, Malam.
Na san inda ƙwaryar za ta zauna,
na san yadda wuyanta zai miƙe.
Amma bari ta ƙara kwana ɗaya da kayanta.

Kai dai Allah Ya sauke maka naka.