Minti Biyu a Gaban Dutse

Ƙarfe goma sha ɗaya, Nuwamba,
iskar tafki tana yankan kunne.
Motoci sun tsaya cak,
mai burodi ma ya fito, gari a hannunsa.

Sunanka ne na bakwai a jikin dutsen,
Armand Thibodeau,
ƙarƙashin na ɗan maƙeri.
Ƙanƙara ta cike ramin harafin farko,
na sa farce na kankare.

Shekarata tara ranar da ka hau jirgin ƙasa.
Ka ce in kula da takalmanka na zamiya,
kada tsatsa ta ci ƙarfen,
wai in kogi ya daskare za ka dawo mu yi tsere.
Takarda ta riga hunturu zuwa.
Mama ta karanta a tsaye,
ta koma ferar dankali,
har ta fere na mutum ashirin.

An ce kana kwance a Holland,
ƙasar da ba tudu,
yaran makaranta na kai maka fure,
suna kiran sunanka da bakin da ba namu ba.
Ban taɓa zuwa ba. Da, teku ne ya yi faɗi,
yanzu gwiwa ce ta ƙi.

Aka busa ƙaho, aka yi tsit.
Minti biyu, in ji su.
Ni na haura shekara saba'in a cikinsa.

Jikana Remi ya ja mini riga:
Kaka, takalman nan na bango, za su yi mini?
Na dubi ƙafarsa.
Saura kaɗan, na ce.
Yau da dare zan shafa musu mai.