Allon Luba

Shekara talatin a shiyar Madunka,
ni da tsiko, ni da basilla,
ban taɓa ɗaga murya na kira mai wucewa ba.
Ubana ya ce kirgi mai kyau ba ya son talla.
Na rataya maganar a wuya kamar laya,
har gizo-gizo ya yi gida a bakin jakunkuna,
har jan karan dafi ya soma koɗewa
wajen jiran wanda bai san muna nan ba.

Sai Luba, autata, ta dawo daga makaranta
da wani baƙin allo da aka yar, gefensa a tsage.
Ta jingina shi ƙofar shago, ta ɗauki alli.
Na ce, "Mi za ki sa? Kuɗin kaya?"
Ta ce, "Baba, kuɗi kowa na da bakin tambaya.
Labari za ni ba su."

Ran Litinin ta rubuta:
Wannan fatar jar akuya ce daga Illela,
ta sha bagaruwa a majema har ta yi laushin kunne.
Ran Talata:
Mai ɗinkin nan sai ya cire tabarau yake sa zare,
wai yatsa ya fi ido sanin hanya.
Kunya ta kama ni. Wa ya aike ta tonon asiri?
Wani ɗan kabu-kabu ya ci birki, ya karanta, ya yi dariya,
ya wuce bai sayi ko zoben maɓalli ba.
Na ce, "Kin gani?"
Ta ce, "Gobe zai dawo jin saura."

Ya dawo, da fasinja a bayansa.

Ran Alhamis muka ɓata.
Ta rubuta: Jaka ta uku daga hagu tana da tabo,
ƙaya ta karce akuyar tun tana da rai,
mun rage mata ɗari biyar.
Na miƙe da tsumma zan goge.
Wane ɗan kasuwa ke buɗe gyambonsa a bakin hanya?
Wata malamar asibiti ta riga ni isa,
ta shafa tabon da babban yatsa,
ta ce, "Wagga nika so.
Wanda ya faɗi aibin kayansa
na yarda da yabon da zai yi musu."
Ta biya, ba ta taya ba.
Na koma na zauna, tsumman a hannuna.

Bayan sallar layya sai ga Nomau bisa kekensa na hannu,
shi ke jan ƙungiyar masu ƙera irinsa a Mabera.
Ya ce, "Shekara huɗu muna kai takarda ofis-ofis,
can take kwana cikin durowa.
A ara muna kusurwar allon ga."
Luba ba ta rubuta "a taimaka" ba.
Suna ɗaya ta sa, Hajo,
da nisan gidansu zuwa aji:
taku nawa ga mai ƙafa,
awa nawa ga mai rarrafe,
da kuɗin taya uku da sarƙa.
Mai shayi ya ba da sarƙa.
Wani ya ɗauki hoton allon da waya,
taya ta zo daga Gusau cikin motar albasa.

Yanzu Luba tana jami'a, sai ƙarshen mako.
Ta bar mini allon da rabin kwalin alli.
Jiya da hantsi na tsuguna gabansa,
hannun da ya saba huda fata yana rawa.
Boko ya ƙi ni, na koma ajami,
layin ya karkace kamar ɗinkin ɗan koyo:
Yau ruwa ya hana fata bushewa,
ku dawo jibi.

Mutum huɗu suka tsaya suna haɗa baƙi.
Ɗaya ya ce, "Jibi da wane lokaci?"