Kilomita Dubu

Ja ce, gajeriya, cikinta na shafar ƙasa.
Ranar da ta iso har maƙwabta sun leƙo ta katanga.
Tasi'u bakanike ya zo daga Ƙofar Ruwa,
ya kasa kunne a inji kamar ungozoma,
ya ce, "Ɗanya ce, Alhaji.
Kilomita dubun farko, ɗaure ƙafarka.
Kada ta sha man 'yan bumburutu
ko da za ka koma gida a sawu."

Sai ga ni ina rarrafe a Titin Gidan Zu,
mai adaidaita sahu ya wuce ni yana dariya:
"Baba, ko turi za a yi?"
Na haɗiye.
Kowane tudun titi a karkace nake hawansa,
ƙarar gugar ciki har cikin haƙorina.
Ruwan Agusta ya cika ƙarƙashin gada,
na rufe ta kwana shida, na ari babur ɗin ƙanena.

Da asuba in zaro sandar baƙin mai,
in goge, in mayar, in sake dubawa.
Barira ta ce ko autanmu bai ga wannan gata ba.

Jiya dubu ta cika, daidai Na'ibawa.
Tasi'u ya juye mai, ya ce, "To, sake ta."
Na fita baifas tun rana ba ta fito ba,
titi fayau, ba tirela, ba ɗan Karota.
Na ɗora ƙafa.
Ƙafa ta tsaya a sittin, ta ƙi gaba.

Ashe ni aka hora.