Ɓarnar Ƙarƙashi

Sama ba ta yi rowa ba bana,
Galma ta cika ta tumbatsa,
amma harkiyar fadamar Tanimu
ta yi jawur, kamar an gitta da wuta.

Ya zargi fara, ya zargi gara,
har ya daina gaisawa da Barau,
wai kambun bakinsa ne.

Ran Laraba ya tumɓuke tushe guda:
saiwar duk ƙululu, kamar carbi.

A Samaru, yarinya mai farar riga
ta tura masa madubi: "Baba, leƙa."
Ya kanne ido ɗaya.
Ga ta, ba ta kai silin gashi ba,
tana mutsu-mutsu a ɗigon ruwa.

"Wannan ce ta ramar min da shanu bakwai?"

Bayan la'asar ya sayi goro
ya nufi zauren Barau.