Wasiƙa ta Uku

Ranar Talata ta iso, da mikiya a goshinta.
Tanko masinja ya dire min ita
kamar wanda ya ɗauko garwashi da hannu.
Sanyin Jos na shigowa ta gilashin da ya fashe tun bara,
shayina ya huce kafin in kai ƙarshen shafi.

Abuja ta ce:
a kwashe littattafai arba'in da ɗaya daga ɗakunan karatu,
a rufe ajin dare na matan Gangare,
a aiko sunayen malamai, kowa da lambar wayarsa.
In an ƙi, kason wata zai yi ɓatan kai a Akwanga.

Ni mai buga takarda ce.
Shekara talatin da ɗaya yatsuna na faɗin maganar wasu,
ba a taɓa tambayata ko na yarda ba.

Barista Kachollom ta shigo da rigar sanyi mai zare-zare,
kundin tsarin mulki a hammata, bangonsa ya rabu biyu.
Ta ce, Lantana, buga:

Mun karanta, mun gode.
Makarantar tamu ce, filin da take kai namu ne,
allin ma mu muka saya.
Ku riƙe soja, ku riƙe iyaka, ku riƙe injin buga kuɗi,
mabuɗin aji dai yana aljihunmu.
Mu haɗu a kotu.

Na buga.
Sai dai yatsuna sun riga ni gane hanya,
kamar jakin da ya san gidan da ake sauke masa kaya.
'Yancin jiha. Hurumin jiha.
Ina sabuwa a kujerar nan na buga su, su ɗin dai,
ranar da aka hana wani yaro gurbin karatu
don kakansa baƙo ne, haƙar kuza ta kawo shi.
A lokacin Abuja ke cewa a buɗe,
mu muna cewa ƙofarmu ce, ina ruwanku.
Yaron yanzu furfura ta fito masa,
yana faci a bakin Farin Gada, yana gaishe ni,
bai san ni na ɗiga aya a ƙarshen maganarsa ba.
Kachollom kuwa ɗaliba ce a shekarar,
tana kan titi da kwali,
tana roƙon tarayya ta tsawata mana.

Na ce, Barista, wuƙar nan fa na san ta.
Ta cire tabarau ta goge da bakin riga.
Ta ce, ni ma. Ga tabonta.
Amma yau ita kaɗai ta rage a madafa,
kuma yara na jiran abinci.

Wata ya mutu, albashi bai zo ba.
Wani ya tsaya, shiru.
Na ci bashin dankali, na ci bashin gawayi,
maigidana ya ce, gwamna da Abuja na kokawa,
mu ne tabarmar.

Daren Alhamis na bi ta Gangare, ban shirya ba.
Fitilar caji ɗaya a kan benci.
Tasalla mai masa, shekararta ta kusa sittin,
ta danne takarda da gwiwar hannu
tana jan harafin farko na sunanta
kamar mai kafa turken rumfa.
Ba ta san akwai wasiƙa ba.
Ba ta san sunan malamarta ya kwana a teburina
ban aika shi ba.

Da safe na buɗe durowar ƙasa.
Kwafin tsohuwar takardar na nan, ta yi ja, tana warin kyankyaso.
Na ɗora sabuwar a kanta.
Kalmominsu sun dace kamar haƙoran sama da na ƙasa.
Katanga ba ta tambayar wa take tarewa,
mai ginin ake tambaya.

Tanko ya leƙo:
wai ta huɗu na hanya, an gan ta a Hawan Kibo.
Na hura yatsuna,
na sa sabuwar takarda.